Tsutsar da Na Liƙe a Cikin Ƙofa

Kai da ka buɗe akwatin nan, ko jikana ne kai ko baƙo, ka wanke hannu tukuna, sannan ka karanta wasiƙun bi da bi. Kada ka yi dariya kafin ka kai ƙarshe, kada kuma ka ji tausayina, ban nema ba. Ni ce Arai Tomie, matar marigayi Shigeo mai zana adon saƙa a garin Kiryu. Shekara talatin da ɗaya ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, alhali tawa tana tsaye a tsakiyar gidana, ina tura ta safe da yamma. Nawa wasiƙun ma suna ciki, don ban taɓa aika takarda ban ajiye kwafinta ba.

*

Tokyo, 3 ga Oktoba, 2012

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Sanyi ya fara leƙowa a nan, ina fata gwiwarki ba ta tashi ba. Midori da yara suna gaishe ki.

Na san ba ki son zancen aikina, amma ki yi haƙuri ki karanta. Wani gidan tarihi zai baje kolin tsofaffin injunan wasa, irin na zamanin da ake jefa musu yen ɗari a shagunan kofi. Za su buga littafi mai ɗauke da sunan duk wanda ya ƙirƙiri kowane wasa. Cikinsu akwai nawa na 1982, na tsutsar siliki da ke cin ganye hankaki na bin ta, in ta ga ba mafita ta saƙa wa kanta gida ta ɓuya.

A wancan lokaci kamfanoni ba sa sa sunan mai zane a jikin wasa, don kada abokan gasa su janye shi. Kamfaninmu ya rufe tuntuni, takardunsa sun tafi bola. Maigidana na lokacin, Onodera, ya gaya musu shi ya zana tsutsar. Ba na jin mugunta ce. Ya haura tamanin, ya faɗa ya faɗa har shi ma ya yarda. Sun ce in kawo shaida kafin ƙarshen Nuwamba, in ba haka ba sunansa za a buga.

Na san kin ƙone zanen da na yi a gida kafin in taho. Ban zo tayar da tsohon zance ba. Tambaya ɗaya ce: ko gutsure bai tsira ba? Ki duba mini ƙasan durowar Baba.

Ki kula da lafiyarki.
Ɗanki, Noboru

*

Kiryu, 9 ga Oktoba

Noboru,

Na samu wasiƙarka. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Ka gaishe da Midori, ka ce mata tsamin kabejin da ta aiko gishiri ya yi masa yawa.

Abin da wuta ta ci ba ya dawowa. Na duba durowar, babu komai sai tabaraun ubanka.

Tunda ka tayar, bari in tuna maka. A 1979 da wannan annoba ta injunan wasa ta shigo, ba shagon kofin da bai cire teburinsa ya sa mai gilashi da ke ƙara kamar kwaɗi ba. Yara suna jera sulalla a kan gilashin, ido ja, makaranta ko oho. Mu iyaye mata muka ɗaura ƙyalle a damtse muna sintiri bayan an tashi makaranta, ni ce a gaba. Da hannuna na fito da ɗan likita ta kunne. Sai ga shi kwana arba'in da tara da rasuwar ubanka, ina gyara ɗakinsa, na tarar ɗana na cikina ya cinye masa takardu masu tsada masu layi gida-gida kamar dara, waɗanda yake tsara adon siliki a kansu, yana zana tsutsa. Me kake so in yi? In yi guɗa?

Yau kana da shekara hamsin. Mutum mai iyali ba ya kuka a kan sunansa a littafin wasan yara. Maƙwabta sun san kana aikin inshora a Tokyo, kuma ba wanda hakan ya cutar.

Ka sa rigar ciki mai kauri.
Mahaifiyarka

*

Ashikaga, 15 ga Oktoba

Yaya Tomie,

Ina gaisuwa, in kina amsawa. Sau uku na buga miki waya, sau uku kika ce tukunya na kan wuta. Tukunyar nan da yanzu ta ƙone da gidan gaba ɗaya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ba a ajiye masa kai.

Noboru ya kira ni jiya. Bai kawo ƙararki ba, bai iya ba, halin ubansa ne da shi. Cewa kawai ya yi, "Inna Fusae, ashe haka mutum ke ɓacewa yana raye." Na ce masa layi ba kyau, na ajiye, don na san bakina.

Yaya, ni fa ina wurin. Ni na riƙe miki tsani. Ba ki ƙone komai ba. Kin kai takardun bayan gida da ashana a hannu, kika tsaya kina juya su, kika ce takarda mai kyau haka ƙona ta asara ce. Kika kira mijina Genzo ya sake wa ƙofofin ɗakin Shigeo fuskar takarda, kika ba shi su ya yi shimfiɗar ciki, yadda ake yi da tsofaffin takardu. Da daɗewa nake kallonki kina tura ƙofar nan za ki kunna wa mijinki turare, in ce a raina, kai, wannan mata da ƙarfin hali take.

Genzo ya ce in gaya miki hannunsa na rawa amma wuƙarsa ta gora tana nan. Na ba ki kwana bakwai. In ba ki kira shi ba, ni zan gaya wa yaron, sannan ki yi fushi da ni har ranar da za a ƙone gawar ɗayanmu. Dama kin saba.

Ƙanwarki da ba ta jin magana,
Fusae

*

Kiryu, 21 ga Oktoba

Fusae,

Bakinki tun kina goye haka yake. Ba na gode ba.

Kwana shida ban shiga ɗakin ba. Ta taga nake miƙa shinkafar da nake ajiye wa Shigeo a gaban hotonsa, kamar ɓarauniya. Kin san abin da ya fi ci mini rai? Da zan iya cewa ƙaunar yaron ce ta hana ni ƙyasta ashanar, da da sauƙi. Ba ita ba ce. Tsumulmula ce. Na tausaya wa takarda, ban tausaya wa ɗana ba. Ya tambaye ni a bakin ƙofar nan, na dube shi na ce toka ce. Washegari ya hau jirgin ƙasa da jaka ɗaya. Kwanan nan kuma na sake faɗa, a rubuce, har da kwafi.

Ki turo mijinki ranar Laraba. Ku shigo ta baya, matar mai awara ba ta da aiki sai leƙe.

Yayarki

*

Kiryu, 27 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana Noboru,

Gaisuwa. Ganyen itatuwan kan dutse ya fara ja. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Na yi maka ƙarya sau biyu, ta farko kana ɗan sha tara, ta biyu a watan nan. Ban ƙone zanenka ba. Yana cikin ƙofofin ɗakin ubanka, a ƙarƙashin takardar fuska. Duk zuwan da ka yi hutun sabuwar shekara, da hannunka kake tura shi.

Ranar Laraba Genzo ya zo da Fusae. Muka kwantar da ƙofofin huɗu a ƙasa. Yana fesa ruwa kaɗan-kaɗan, yana ɗaga takarda da wuƙar gora, Fusae na tsaye a kansa.

"Tsoho, a hankali, ba fatar kifi kake cirewa ba."

"To zo ki yi, sarauniyar surutu. Shekara hamsin kina koya mini sana'ata."

A shimfiɗa ta uku tsutsarka ta fito. Gida sha shida a tsaye, sha shida a kwance, kowane gida ka cike shi da fensir. Ta fito cif, ba ta yage ba. Na ce ashe gam ɗinsa ba shi da kirki. Genzo ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, da gangan na tsinka shi, bakin takardun kawai na shafa. Ranar nan na tambaye ki, kin duba waɗannan kuwa? Kika ce liƙi kika kira ni in yi, ba karatu ba."

Ban tuna ba, amma muryata ce, na gane ta.

Ya miƙo mini takardar, ya nuna ƙasanta da ɗan yatsa. Jan hatimin ubanka ne, da kwanan wata da hannunsa: Nuwamba 1980. A gefe ya rubuta da jan fensir, "Ƙafar baya ta gaza da gida ɗaya." A wata takardar ya rubuta, "Hankakan nan ya yi kama da kaza, sake." A ta ƙarshe, wata ɗaya kafin a kwantar da shi a asibiti, kalma ɗaya ce: "Ya yi."

Shekara ashirin da biyu na zauna da mutumin nan. Ban taɓa ganin ya buga hatiminsa a kan zanen da bai yarda a ɗora a masaƙa ba. Masu kuɗi sun roƙe shi ya ƙi. Ke nan ina yawo gari da ƙyalle a damtse ina jan kunnen 'ya'yan mutane, ku biyu kuna ɗaki kuna ƙirga ƙafar tsutsa. Na kore ka da sunansa. Na ce ka ci amanar takardunsa, ashe shi ya miƙa maka su. Rubutunsa na ƙarshe a duniya na kifa shi na ba da a shafa masa gam, ban karanta ba.

Fusae ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Ban taɓa ganin haka ba tun da aka haife ta.

Takarda arba'in da uku suka fito lafiya. Tara sun yage, ko kwari sun ci. Wannan laifina ne, ba na Genzo ba. Ban yarda da gidan waya ba, Fusae za ta kawo maka da kanta ranar Litinin.

Ban ce ka yafe ba. Abu ɗaya nake so in sani: me ya hana ka gaya mini?

Mahaifiyarka, Tomie

*

Tokyo, 20 ga Nuwamba

Mama,

Barka da sanyi. Ki yi haƙuri da jinkiri, na fara wasiƙar nan sau da yawa.

Sun karɓa. Matar da ke kula da littafin ta sa safar hannu kafin ta taɓa su. Na kai wa Onodera ya gani, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe kai ne." Muka sha shayi.

Baba ne ya ce kada in faɗa. Ya ce aikinmu ɗaya, shi da zare, ni da haske, amma in bari sai ya warke ya gaya miki da kansa, don shi ya san lokacin da ake tunkarar ki. Da ya rasu kika ce kin ƙone, sai na ga in na faɗa, sau biyu ke nan kin ƙone Baba. Na gwammace ki yi fushi da ni.

Na roƙe su su buga suna biyu: Arai Noboru da Arai Shigeo. Sun yarda. Ana buɗe baje kolin ran sha biyu ga Janairu. Akwai kujera, ba sai kin tsaya ba.

Ɗanki, Noboru

*

Kiryu, 26 ga Nuwamba

Noboru,

Na gani. Zan zo. Ba zan taɓa injin ba, kada ma ka fara.

Jiya na je wurin matar mai awara, na ce mata ɗana bai taɓa aikin inshora ba, wasan inji yake zanawa, kuma ubansa ne ya koya masa. Ta ce ai kowa ya sani tun tuni, ɗanta ma ya ƙarar da kuɗin kashewarsa a kan tsutsar nan. Na sayi awara biyu na dawo ta hanyar baya.

Genzo ya ce zai sake rufe ƙofofin kafin sabuwar shekara. Na ce uku zai rufe. Ta huɗun a tsirara za ta zauna, katako da rami, iska na shiga, muddin ina raye. Wanda ya tambaya a ba shi akwatin wasiƙun nan.

Ka gaya wa Midori da yara tun kafin ku zo, don ba na maimaita magana. Daga yau a gidan Arai, ba a ƙona takarda, ba a liƙe ta, ba a yi wa mai ita faɗa, sai an zauna an karanta ta gaba da baya, har ƙasa inda ake buga hatimi. Dokar ta hau kan kowa, kuma daga kaina ta fara.

Mahaifiyarka