Itacen Inna da Na Kai Bariki

Dogo, ƙasar Damagaram
Talata, 12 ga Afrilu, 1938

Zuwa ga Yaya Idirisu, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, ya sa albarka a sana'arka ta fata. Mu nan lafiya muke. An ba mu hutu a lakwal, makarantar da nake koyarwa, na zo gida da matata Barira da yara. Gero bai ƙare a rumbu ba, rijiyar gabas kuma tana da ruwa har yanzu, ko da yake sai an ƙara igiya.

Garin yana nan yadda ka bar shi. Da rani ba aikin gona, saboda haka maza na yini gindin gawo suna dara, matasa kuma su fita da karnuka farautar zomo, su dawo da yamma da gardamar wanda ya fara jifa. Kawu Mala bai daina satar ɗa a dara ba, in an kama shi ya ce idon abokin wasansa ne ya tsufa. Mata na fita itace da sassafe, su dawo da dami a ka da magarya a bakin zane. Kusa da gari busasshe ya yi wuya, sai an kai fadama. Inna ta daina binsu tun bara saboda gwiwa. Ita ce dalilin wannan takarda, kuma laifina ne zan faɗa maka. Na duba littafin da nake rubuta abin da ya faru kullum, don kada in rage ko in gyara wa kaina.

Kwana biyu da zuwana, mai gari ya sanar cewa kumandan, Baturen mulki, ya nemi itacen girki na sojan bariki, kowane gida dami biyu. Ranar Inna ta je barkar haihuwa, 'yar'uwarmu Kaltuma kuma tana gidan mijinta. Na ce bari in ɗauke wa mata wannan aiki. Na je bayan rumbu na kwashe tarin itacen Inna, sai na iske a ƙarƙashi wasu sanduna goma sha biyu na ƙirya, miƙaƙƙu, a jere bisa duwatsu. Har awo na yi musu, kowanne kamu biyu cif. Na ji daɗi, na ce waɗannan za su ɗauru da kyau, ba za a ce gidanmu ya kai tarkace ba. Na ɗaure shida shida, na miƙa wa masu jakuna, aka tafi da su birni.

Da Inna ta dawo ta leƙa bayan rumbu, ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya wa ya taɓa wurin, na ce ni ne. Ta dube ni, ta shiga ɗaki. Kaltuma ce ta zo da la'asar ta gaya mini abin da kowace mace a garin ta sani: itacen kabarin Inna ne. Ka tuna ƙiryar da ta faɗi a fadama shekara biyu kafin rasuwar Baba? Su biyu suka sassare ta suka kawo gida. Da rabi aka rufe kabarinsa, rabi ta ajiye wa kanta, ta yi wa kowane sanda tsaga uku a gindi. Ta zaɓi ƙirya don gara ba ta cin ta, kuma ta sha gaya wa mata ba ta so a rufe ta da fasassun tukwane. Ni ina birni tun ina ɗan shekara tara, ban taɓa ji ba. Ko kuwa an faɗa a gabana ban saurara ba, wannan ban tabbata ba.

Kwana uku Inna ba ta ci tuwo ba, sai ruwan fura kaɗan. In na gaishe ta takan amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Na je gindin gawo neman shawara, Kawu Mala ko kai bai ɗaga daga dara ba. Ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal da Faransanci, ya ce Mushe, an ce ka san sunan kogunan ƙasar Faransa duka, amma ba ka san gatari ba ya fitar da itacen wuta tsawo ɗaya ba? Aka yi dariya, ni ma na yi, don gaskiyarsa. Da ya gama cin wasan sai ya ba ni aron dokinsa, ya ce in hanzarta, ƙirya tana da gawayi mai kyau, mai girki ita zai fara ɗauka.

Na isa birni da azahar. Gardin da ke tsaron ƙofar bariki ɗansa yana ajina, shi ya kai ni wurin girki. Tarin itacen ya fi ɗakin Inna tsawo, na garuruwa da yawa a haɗe. Na fara daga gefe ɗaya ina ɗaga kowane dami ina duba gindi, na yi haka har la'asar ban sami ko ɗaya ba. Sai wata dattijuwa Babarbariya mai dafa wa soja abinci, Bintu sunanta, ta tambaye ni ko kunama nake nema. Da na yi mata bayani sai ta ajiye muciya, ta kai ni bayan zana. Ga sanduna biyar a jingine. Ta ce bakwai sun riga sun shiga wuta kafin ta lura da tsagar, da ta gane kuwa ta ce ba za ta tuƙa wa kowa tuwo da itacen kabarin wata ba. Ta ce tun ranar take so ta ga wawan da ya aiko su. Na ce ga shi a gabanki. Ta ce ai ta ɗauka zai fi haka ƙuruciya.

Na kwana gidana na birni, washegari na kawo biyar ɗin na ajiye a ƙofar ɗakin Inna. Ta fito ta shafa gindin kowanne da yatsa, ta juya su, ta ce nata ne. Na roƙi gafara. Ta ce magana ba ta rufe kabari, saura bakwai. Na ce zan sa a saro mata a kawo, ta ce sa wani aiki da rashin tambaya ne suka kai ni bariki. Daga nan ta ce wa Barira ta zubo mata tuwo.

Ga yadda ta raba. Huɗu ita za ta nemo da kanta, uku kuma na 'ya'yanta, kowa ya saro ɗaya da hannunsa. Tun ranar Alhamis muke ɗora ta a jaki muna bin mata zuwa fadama. Tana nuna reshe da sanda, tana yi wa 'yan mata faɗan yadda suke ɗaurin dami, har waƙar masu itace na ji tana amsawa. Ta samu huɗunta. Kaltuma ta saro nata, an karɓa nan take. Nawa sau biyu tana mayarwa, na farko ya karkace, na biyu ɗanye ne. Na uku ta karɓa jiya, amma ban sani ba ko ya yi ne ko ta gaji da ni.

Saura naka, Yaya. Na ce mata ko za ka iya aikowa da fatake, ai akwai ƙirya a ƙasar Kano. Ta ce a'a, daga fadamar nan take so, da gatarin Baba, tana kallo. Ta ce in rubuta maka cewa shekara shida ke nan ba ta ga fuskarka ba, kuma ba za ta tafi da itace goma sha ɗaya ba, za ta jira, amma kada ka mai da wannan dalilin jinkiri, don ba ita ke riƙe da ranar ba. Ni na san ta sanadin kuskurena ne wannan nauyi ya hau kanka, kuma na san barin kasuwa ba sauƙi. Amma gwiwar tana ƙara nauyi, kuma in ruwa ya sauka jaki ba zai shiga fadama ba. Ina ganin kana da kamar wata biyu.

Ka gaishe da Sakina da yara, da Muntari, da mai masaukinka. Kaltuma da mijinta suna gaisuwa, haka Barira. Kawu Mala ya ce ka zo da goro mai kyau, kuma ka shirya shan kaye a dara. Inna ba ta ba da gaisuwa ba, ta ce za ta yi da bakinta. Na kai gatarin maƙera an wasa shi.

Ƙanenka,
Lawan