Naman Kwalba a Jakar Marnie

Pardy's Cove, Newfoundland
Farkon watan Nuwamba

Zuwa ga ɗana Leander,

Kafin in gaishe ka, riƙe wannan ka yi ta juya shi a ka. Kullum da sassafe yana fita daga gidana, ba jaka ba guzuri, kuma bai taɓa dawowa ba ko sau ɗaya, amma ranar da bai fita ba, ranar ce maƙwabta za su zo a guje. Wane ne? Kada ka ce kai ne, ko da yake wajen rashin dawowa kun ɗan yi kama. Kada kuma ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka tun kana ɗaga murfin tukunya kafin a ce bismilla.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yvonne da yara. Allah ya tsare ka a wajen aikin man nan, ya kiyaye maka bayanka da yatsunka, ya sa sanyin Alberta ya yi muku da sauƙi bana. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata ta hagu ta kama aikin faɗin ranar da za a yi ruwa, kuma ta fi mutanen rediyo gaskiya. An rufe kamfanin ƙaguwa sai baɗi, an janye jiragen kamun kifi kan tudu. A coci ranar Lahadi ba mu cika benci biyu ba, waƙar ma kusan ni kaɗai na ja, ka san kuwa muryata ba ta samu gyara da tsufa ba. Pearl ta bayan gidanmu ta koma wajen 'yarta a St. John's, an bubbuga katako a tagoginta. In na tsaya wanke kwanuka da yamma, sai in ga gidan yana kallona kamar makaho.

Na san za ka ce me ya hana ni ɗaga waya. Wayar tana kicin, kunnen Marnie kuwa yana ko'ina cikin gidan nan. Maganarta ce kuma zan yi maka, don haka ka zauna. Tun da yayarka Doreen ta rasu ta bar min ita tana 'yar ƙarama, ban taɓa kwana a gidan nan ba tare da na ji takunta a ɗakin sama ba. To, ka dai ji labarin tafiyarta New Zealand. Sun ba ta takardar izinin nan da ake ba matasa, su je su yi shekara suna aiki suna ganin ƙasa. Wai sunansa hutu da aiki. Na ce mata a zamaninmu in kana aiki ba ka hutu, in aka gan ka kana hutu kuwa korarka aka yi. Ta ce ai shi ya sa zamaninmu ya wuce. Abin da ba ka sani ba shi ne takardar tana da wa'adi. In ba ta taka ƙasar ba kafin ƙarshen watan nan, ta mutu ke nan, kuma wai ba a ba mutum sau biyu. Lokacin ƙaguwa biyu yarinyar nan ta yi a tsaye cikin ruwan sanyi, hannayenta duk sun faffashe, ba ta sayi ko ɗankunne ba, duk don tafiyar nan.

Aikin da ta samu ma sai ka yi dariya. Gonar tuffa ce, amma ba nunannu za ta tsinka ba. Wai ɗanyu ƙanana ake cire wa reshe a zubar, don waɗanda suka rage su samu wurin girma. Na ce to, yanzu har biyan mutum ake yi ya ɓata abinci. Masaukinta kuwa ɗaki ɗaya ne da gadaje hawa-hawa, ita da baƙin da ba ta san iyayensu ba, kowa yana rubuta sunansa a jikin madararsa kada a shanye. Ta sayi tikiti mafi arha, wanda zai yi ta sauke ta yana ɗauka kamar motar kasuwa, har da kwana kan bencin filin jirgi. Masu arhar nan kuma ba sa yarda jaka ta yi nauyi. Sai ta samo wata jakar goyo ta gwanjo, ta gangara rumfar babanka ta bakin ruwa, ta kakkaɓe tsohon ma'aunin kifinsa. Tun da babanka Hedley ya kwanta dama ba wanda ya taɓa ma'aunin nan. Yanzu kullum sai ta rataya jakar, ta zura wa allurar ido, ta ciro wani abu. Riga uku. Sabulu ɗaya na wanka da wanki da wankin kai. Har ƙotar buroshin haƙori ta yanke. Na ce mata ta aske gashin ma, ai ya fi ƙotar nauyi.

Ranar da abin ya fara taɓa ni, tarar da ita na yi a bakin ƙofa tana goge ƙasan takalminta na aiki da tsinke da ruwan zafi, ramin tsaga bayan ramin tsaga. Ta ce can ba sa barin ko ƙwayar ƙasar wani wuri ta shiga, saboda cututtukan gona. Na tsaya ina kallon laka tana bin ruwa tana komawa tsakar gida. Na ce a raina, ashe ko ƙasar garinmu ba za a bari ta raka ta ba.

Kai ka san ba a barin garin nan hannu rabbana. Kakanka in za shi Labrador kamun kifi, babanka in za shi yankan katako, kai kanka ranar da ka hau motar Alberta kana ɓoye hawaye a hula, kowa da kwalaben naman mus, ƙaton gwankin dajinmu, a naɗe cikin safar ulu. Uwar da ta bar ɗanta ya fita babu kwalba, sai a yi shekara ana zancenta. Bana kuwa Ambrose, tsohon nan na ƙetaren ruwa, ya harbo wani ƙaton mus a daji, ya aiko min cinya guda, na dafa na cika kwalabe na toshe da kitsensu fari a sama, yadda kake so. Marnie ta gaya min tun farko cewa ba a shiga ƙasar da nama, wai har karnuka suke da su a filin jirgi masu shinshina jaka, in suka kama ka a ci ka tara mai zafi. Na ɗauka kunya ce irin ta yaran yanzu. Na ce wane kare ne zai ji ƙanshi ta cikin kwalba da safa biyu? Sai na faki idonta na cusa guda biyu a ƙasan jakar. Ta rataya, allura ta zarce, ta zazzage, ta yi dariya ta ce tsohuwa ba kya jin magana. Kashegari na mayar da guda, cikin hannun rigar ruwa. Ta sake ganowa, dariyar ta ɗan ragu. Sabo turken wawa, Leander. Na sake.

A karo na uku ba ta yi dariya ba. Na bi ta rumfa don in ga idonta in ta gano, sai na same ta zaune a ƙasa, kwalbar a cinyarta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Cewa ta yi, Kaka, in ba kya so in tafi, ki faɗa min da baki, ba sai kin yi ta sa min dutse a jaka ba. Ta ce dama ta daɗe tana tunani. Tun rasuwar kakanta ita ce take hura murhu kullum da safe, saboda yatsuna ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga, to wa zai hura min in dusar ƙanƙara ta rufe ƙofa? Ta ce gari ya watse, Pearl ta tafi, in na faɗi a kicin sai yaushe za a sani? Nan take ta kwashe rigunan nan uku ta mayar ɗaki, ta rataye jakar wayam a ƙusa, ta ce za ta nemi aiki a kantin garin gaba, New Zealand ba gudu za ta yi ba. Da yamma ta soya mana kifi, muka ci, ta kwashe kwanuka ta haye sama. Ni da har a jana'izar babanka sai da na sa mutane murmushi, ranar ban iya sa ta murmushi ba.

An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma wannan karon yarinyar ce ta hango. Na yi ta tambayar kaina, nama nake saka mata, ko dutsen nan da babanka yake jefawa ruwa don jirgi ya tsaya wuri ɗaya? Ni dai iyakacin tafiyata St. John's, ita ma asibiti ya kai ni. Ban yi nadama ba, amma ba na so watarana ta tsaya a tagar nan tana wanke kwanuka, da furfura a kai, tana kallon gidajen da aka buga wa katako, a ce ni na ɗaure ta.

Washegari na riga ta tashi. Na lallaɓa na sauko, na tsoma hannayena cikin ruwan ɗumi har suka yarda da ni, na jera ƙirare da ɓawon itace. Ashana ta yi ta karyewa, na yi ta zaginta ƙasa-ƙasa da kalmomin da ba ka san na iya ba, har wuta ta kama. Da Marnie ta sauko, shayi ya tafasa, ni kuma ina zaune na harɗe kamar matar gwamna. Na ce mata sannu da tashi, ranki ya daɗe, mu ma'aikata mun gama. Ba a jima ba sai ga Ambrose ya zagayo da motarsa. Ka san tun da can shi yake duban rufin gidanmu daga tagarsa kowace safiya, ni ma ina duban nasa. Ya ce yau kam abin ya fito da wuri kuma baƙi ƙirin, ya ɗauka taya nake ƙonawa. Na ce masa tsoho mai ido ɗaya da rabi ba ya raina wutar mutane. A gaban Marnie na sa ya yi alkawari, duk safiyar da bai gani ba ya zo, ko da kan gwiwa ne. Ya ce zai zo, ko don ya ga ranar da bakina ya yi shiru.

Daga nan na sauko da kwalaben na jera a tebur. Na ce mata tun da ba za a bar shi ya shiga jaka ba, zai shiga ciki, in ga karen da zai shinshino shi a can. Tun ranar muke ci. Da safe da dankali, da rana a miya, da yamma cikin burodi. Ambrose yana zuwa taya mu. Marnie ta ce in aka ci gaba haka ƙaho zai fito mata, kuma ita za a hana shiga jirgi saboda nauyi, ba jakar ba. Amma na lura ba ta barin komai a faranti.

Duk da haka jakar tana nan a ƙusa, ba ta taɓa ta ba. Na ga saura abu ɗaya yake riƙe da ita. Ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, wai da wa zan yi Kirsimeti. Leander, ka san uwarka. Bakina ya riga ni. Na ce ai kawunki zai zo, shi da Yvonne da yara, mun gama magana tuni, ɓoye miki muka yi don kada ki ji haushin ba kya nan. Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta tashi ta gangara rumfa, na ji ƙarar ƙugiyar ma'auni. Rigunan sun koma. Ta yarda da safa ɗaya cikin waɗanda na saƙa, ko da yake wai can yanzu zafi ake shiga, komai nasu a juye yake. Ambrose ne zai kai ta filin jirgi a Gander sati na sama. Ni ba zan bi su ba, na ce gwiwa ce.

To ga abin da nake roƙo. Ta ce za ta kira ka kafin ta tashi ta yi maka sallama. In ta tambaye ka zancen Kirsimeti, ka ce haka ne, kada ka yi wannan in-inar taka ta marar iya ƙarya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Iyakar abin da na nema ke nan. Zancen zuwa kuwa, na san kuɗin jirgi da tsada, na san aiki ba ya sakin mutum, ban ce komai ba. Na dai ɓoye kwalba biyu a bayan garin fulawa, inda ita da Ambrose ba za su gani ba. Ba sa lalacewa da wuri. Gadonka ma yana nan, na shanya bargon.

Ka gaishe min da Yvonne, ka ce mata na gode da man shafawar gwiwa, yana ƙamshi ko da bai yi aiki ba. Ka gaishe da jikana Dustin, a ce ya rage tsawo haka nan kada ya fasa min ƙofa, da ƙawata Paige, wadda ta yi min alkawarin hoto tun bara. Ambrose yana gaishe ka, Marnie ma da ta san ina rubutu da ta gaishe ka. Allah ya kai ta lafiya, ya haɗa ta da mutanen kirki, ya tsare ku duka inda kuke.

Ni ce uwarka mai yawan surutu,
Melvina

Amsar kuwa, hayaƙin murhuna ne. Yau ma ya fita.