A Daina Kiran Abbana Dakta Kango

Zuwa ga Baba Shugaba,
Shugaban ƙungiyar iyayenmu mazauna Largo da Mitchellville.

Assalamu alaikum. Ina gaishe da Baba cikin girmamawa, tare da Hajiya da sauran iyayenmu na kwamiti. Sunana Rumaisa, 'yar Dakta Habibu, shekarata goma sha uku. Ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa na rubuta. Na yi da Hausa don kada a ce rashin kunyar 'ya'yan Amurka ce. Mama ta gyara min haruffa, amma maganar tawa ce. Abba bai sani ba.

1. A taron yara na bayan Ƙaramar Sallah an gayyaci iyaye su faɗa mana aikinsu. Likitoci suka yi, injiniyoyi suka yi. Da aka zo kan Abba, mai gabatarwa ya kira shi Dakta Kango, wai mutum ya baro Zariya ya zo har Amurka don karatun ɗakunan gumaka da suka rushe. Aka yi dariya, aka ce lokaci ya ƙure, aka buɗe abinci. Abba ma ya yi dariyar.

2. Aikinsa tarihin gine-gine ne. Yana koyarwa a jami'a. Idan an yi dogon hutu yakan tafi Girka ya auna duwatsu, don a san yadda mutanen dauri suka ɗora su ba tare da inji ba. Ba ya bautar komai a can. Da dardumarsa yake tafiya.

3. Ranar taron ya kawo ƙaramin gini na katako mai ginshiƙai irin na Girka, wanda muka yi tare a gareji. Ni na shafa fentin. Ya so ya nuna mana cewa ginshiƙan ba a miƙe suke sak ba, suna da ɗan ciki a tsakiya, kuma gine-ginen ba farare fat ba ne a da, akwai ja da shuɗi a samansu. Ya so ya ce idan mun shiga Washington mu ɗaga kai mu duba manyan gine-ginen gwamnati masu ginshiƙai, don daga Girka aka kwaikwayo su. Wasu iyayenmu ta gabansu suke wucewa kullum zuwa ofis.

4. Yanzu a Islamiyya ana ce min 'yar Kango. Wannan zan iya daurewa. Abin da ya dame ni shi ne Abba ya daina zuwa taro. Kullum sai ya ce yana da takardun ɗalibai.

Roƙona, Baba, a daina wannan suna. A taro mai zuwa a ba shi lokacinsa kafin a buɗe abinci. Idan Baba ya buga masa waya da kansa, na san zai zo.

Ginin katakon yana bayan mota har yau. Duk kwanar da muka sha sai ya gangara ya bugi gefe, mu duka mu yi kamar ba mu ji ba. Idan an kira Abba, ni zan ɗauko ginin, ni zan tsaya in riƙe shi a gaban kowa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da girma, ya raya zuri'a, ya bar zumuncinmu.

Wassalam.
'Yarku, Rumaisa.