Ya ce wa likitan allo jinin ya tsaya

Malama, ki taimake ni. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Ɗana tela ne, yana da mata da yara biyu. Tun kwanakin baya nake ganin ja a bakin magudanar banɗaki in na zo shara. Na matsa masa, ya ce fitsarinsa ne, amma ba ya ciwo. Da ƙyar na ja shi asibitin ƙauyenmu. Ba mu da likitan mafitsara, sai nas ta kunna allon kwamfuta, likita ya yi magana daga birni. Nas ɗin tana da kirki. Amma katako ne ya raba ɗakin da bencin jira, kuma sai an ƙure murya likitan ke ji. Ina kan bencin, maƙwabcinmu na gefena, har da matar da ɗana yake wa ɗinki. Da kunnena na ji ɗana ya ce wa likita jinin ya tsaya. Likita ya yi murna, ya ce ya dawo in ya sake gani.

Malama, bai tsaya ba. Jiya har da gudaji. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Mahaifinsa ma haka cutarsa ta fara, ba ya jin ciwo da farko. In je in gaya wa nas a ɓoye? Ina tsoron ya ce na tona masa asiri.

Uwa mai fargaba

Mama, tsoronki yana kan hanya. Jini a fitsari ba abin jira ba ne, ko da babu ciwo. Yana iya zama abu mai sauƙin magani, yana iya zama wanda jinkiri ke ɓatawa. Likitan nan ba ya taɓa majiyyaci; abin da aka faɗa masa da abin da nas ta auna kawai ya sani.

Ɗanki kuma ba taurin kai ya yi ba, magidanci ne da ya san akwai kunnuwa a bayan katako. Ki fara da shi yau, ku biyu kawai. Ki ce kin ji, kuma kin gani. Sannan ki roƙi nas ta ba shi lokacin da benci ba kowa, ta auna fitsarin kafin a kira likita. In ya ƙi, ki sanar da shi za ki faɗa mata, kuma ki faɗa. In fitsarin ya toshe ko zazzaɓi ya shigo, ku nufi babban asibiti nan take.

Fushinsa zai wuce, Mama. Kada makon nan ya wuce. Allah ya ba shi lafiya.