Asmar Inna da Aikin Ido

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Gummi lafiya lau, ana ta sussukar shinkafa.

Albishirinki! An cire wa Inna yanar ido, tana gani garau. Kafin aikin, likita ya tambaye ta ko tana da wani daɗaɗɗen ciwo. Kin san Inna, ta ce, "Lafiyata lau, ɗan nan." Na ce, "Inna, asmar fa?" Ta ce, "Wannan ai baƙuwa ce, sai ƙaiƙayin shinkafa ya tashi take zuwa." Likita ya ce a'a, 'yar gida ce, ko ta lafa tana nan, a riƙa faɗa duk asibitin da aka je. Ya duba numfashinta, ya ba ta maganin shaƙa, sannan aka yi aikin.

Da aka kwance bandeji ta ƙura mini ido, ta ce, "Sa'adu, yaushe ka yi furfura?"

Ki sa ta a addu'a, ki kira ki hana ta zuwa masussuka, ni ba ta jin maganata. A gaishe da kowa. Ta ce saura ke take son gani.

Ƙaninki,
Sa'adu