Wayar Ƙwan Firji

Laraba da dare, Batsari

Tun la'asar nake dambe da firjin nan. Sanyi yana yi, amma wutar ciki ta ƙi kawowa. Na sake ƙwan fitilar, a banza. Na zabga masa naushi har hannuna ya fashe. Da na fizgo mazaunin ƙwan, sai ga waya an datse da wuƙa.

Na zari bulala na yi kan yara. Inna ta tare ƙofa.

"Ni na yanke, ni za ka doka. A Runka hasken tocila 'yan bindiga suka bi suka harbe babanku. Yaran nan kuwa tsakar dare suke buɗe firjin neman ruwa."

Na yar da bulalar. Har yanzu hannuna zugi yake. Wallahi ba mai haɗa wayar nan.