Barcin Baba a Jirgi

Okala, Libreville.

Zuwa ga Yayata Zubaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta rage zirga-zirga a tsakar gida, ba mai sace mata kajin nan.

Mun sauka lafiya, kamar yadda na faɗa muku a waya. Sai dai akwai labarin da bakina ba zai iya faɗa ba Inna na gefe, shi ya sa na rubuto na ba Hajiya Madina da za ta taho Kano. Ki karanta ke kaɗai.

Kin ga yadda na yi jegon nan. Wanka Inna, goyo Inna, raino ke. Nawa shayarwa ne kawai, ita ma sai an saki labule an kori kowa. Ɗan fari ne, ga shi ya ci sunan surukina, ko kallon kirki ba na yi masa a gaban mutane. Kullum ce miki nake ga ɗanki nan yana kuka, kuna ta yabona wai ina da kunya irin ta mutanen da. To Yaya, kunyar nan ta kusa ja mini abin da ba zan manta ba.

Kin san Baba, mahaifin maigidan, shi ya rako mu, tunda dama zai dawo shagonsa da ke unguwar Glass a nan Libreville. Daga Kano zuwa Legas yaron barci ya yi. Da muka sauka na lallaɓa masallacin mata na shayar da shi, na ce ashe abin ba wuya. A jirgi na biyu aka ba ni kujerar taga, Baba na kusa da ni, kafaɗarsa na gogar tawa. Ba a goyo a jirgi, sai dai ki rungume yaro a cinya a ɗaura masa wani ɗan bel. Haka na zauna da shi a ƙirjina a gaban suruki, kaina a sunkuye. Dabarata ita ce in ya nemi nono in shige banɗaki.

Da jirgi ya fara sauka sai kunnuwana suka toshe. Ni na haɗiyi yawu suka buɗe, shi kuwa ina ya san wannan? Ya tsala wani ihu da ban taɓa jin irinsa ba, ya sanƙare, fuskarsa ta yi jajir. Na yunƙura zan tashi, ma'aikaciyar jirgi ta mayar da ni, wai ba mai motsi sai an sauka. Ta yi ta zuba Faransanci, ban tsinci komai ba sai "bebe", wato jariri. Da ta ga ban gane ba ta nuna ƙirjinta, ta nuna kunnen yaron, wato tsotso ne maganin abin. Kowa ya gani. Baba kuwa ya fi ni jin Faransanci nesa ba kusa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi ba ma ƙasar.

Na jijjiga shi, na sa masa yatsa a baki, ya ture. Sai muryar ta ɗauke, bakin a buɗe ba sauti, ya shiɗe. Wallahi tsoro ya kama ni, amma hannuna ya ƙi kaiwa ga rigata. Na ji haushin kaina, na ji haushinku ku masu yabon.

Ana cikin haka Baba ya yi wata doguwar hamma, ya jawo hularsa ya rufe fuska har gemu, ya juya mini baya. Kafin ki ce me, ya fara minshari. Ban tsaya mamaki ba, na ja mayafi na rufe mu na ba shi. Ya kama da ƙarfi, ya haɗiya, ya sake haɗiya, ya saki ajiyar zuciya, jikinsa ya yi laushi. Hawaye nake ta yi a cikin mayafin. A nan na fara ƙare masa kallo, ashe kunnen Inna ya ɗebo sak.

Baba bai farka ba sai da jirgi ya tsaya cak. Ya gyara hula, ya ce tsufa ya zo, yanzu ko'ina barci sace shi yake. Na gode wa Allah da ya kawo tsufan a kan lokaci.

Garin nan ruwa ba ya ɗaukewa, wanki ba ya bushewa, amma muna lafiya. A gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi'atu.

Okala, Libreville.

Yaya Zubaida,

Sallama da gaisuwa. Na ji a waya Inna ta samu sauƙi, Alhamdu lillahi. Na kuma ji dariyar da kike ƙunshewa, na san takardata ta iso. Ki adana sauran, ga ƙarshen labarin.

Na ba maigidan labarin yadda mahaifinsa ya yi barci muna sauka. Ya dube ni kamar na ce na ga kaza da haƙora, sannan ya warware mini zancen. Ashe duk 'yan kasuwar Glass sun san Baba da tsoron saukar jirgi, har tsokanarsa suke yi. Shekara da shekaru yana wannan hanya bai taɓa runtse ido ba. Sai ya kafe taga da kallo yana jan carbi, ya ce in ma mutuwar ce gara ya gan ta da idonsa. Wannan mutumin ne ya rufe fuskarsa ruf, ya ba taga baya, ya yi ta minsharin ƙarya har muka taɓa ƙasa.

Da Baba ya kawo kayansa wanki na tarar da carbinsa a aljihun rigar da ya yi tafiyar da ita, zaren a tsinke, 'ya'yan a warwatse. Na gane irin riƙon da ya yi masa a ƙarƙashin minsharin nan. Na nemi zare mai ƙwari na shirya shi, na ɗora masa a kan dardumarsa. Da yamma dai na gan shi a bakin ƙofa yana ja, jikansa na kan cinyarsa, jirgi na wucewa ta saman gidanmu.

Ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, na iya wanka, na iya goyo, har wasa nake yi masa. Ɗana yana gaishe ki. Eh, haka na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Taki har kullum,
Rabi'atu.